Kirfa a Shayin Maman Yara

Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran kurakurai a wata maɗaba'a, shi ya sa har yau, shekara shida bayan ya yi ritaya, Jan Biro kowa ke ce masa. Biron na nan a aljihun gaban rigarsa. Ya gyara allon mai aski, ya gyara katin gayyatar da aka aiko masa ya mayar wa masu shi. Littattafan da ya karanta sun fi dubu, amma bai san inda ake ajiye ashana a gidansa ba.

Matarsa tela ce. Maman yara yake ce mata, ko da yake yaran duk sun watse, autarsu ma na goyon na biyu. Ita kuma Malam take ce masa, sai in ya ba ta haushi ta ce Jan Biro kamar kowa. Shekararsu arba'in da ɗaya da aure, shi a bayan jarida, ita a bayan keken ɗinki, kuma ba za a ce zaman bai yi daɗi ba. Irin daɗin inuwar bishiya ne, wanda mai zama a ƙarƙashinta ba ya ɗaga kai ya dube ta.

Wata Talata ta dawo daga asibiti da leda cike da ƙwayoyi da 'yar na'urar awon jini. Ta ajiye su a kan teburin yankan yadi, ta ce, kamar mai cewa zare ya ƙare, “Wai suga gare ni.”

“Wa ya ce?”

“Likita. Ko shi ma za ka gyara masa?”

Bai gyara ba. Ya ɗauki 'yar takardar da ke naɗe cikin kwalin magani ya karance ta gaba da baya, sannan ya shiga ɗakin littattafansa ya kwana uku yana bincike. Abin da ya gano bai yi masa daɗi ba. Ciwon yakan taɓa ido, yakan taɓa ƙoda, yakan taɓa ƙafa, kuma ba ya gaggawa. Ya tuna abokansa biyu da matansu suka riga su tafiya. Ya ga yadda suka koma, riga ba maɓalli, abinci a tsaye, hira da duk wanda ya tsaya tambayar hanya. Ba maɓallin ne ya firgita shi ba. Amma mutumin da zai iya tsare ka awa guda a kan inda ya kamata a sa waƙafi, bai iya haɗa kalmomin da zai gaya wa matarsa yana tsoro ba.

A wani tsohon littafin kiwon lafiya ya ci karo da kirfa. Littafin ya ce an yi gwaje-gwaje, kuma kirfa tana iya taimakawa kaɗan wajen sauke sugan jini, ko da yake masana ba su daddale ba. Idon da bai taɓa tsallake ɗigo ba ya tsallake “tana iya”, ya tsallake “kaɗan”, ya rufe littafin tun bai juya shafi ba. Mai tsoro abin da yake nema kawai yake gani a takarda.

Gaya mata kuwa ba ya cikin lissafi. Za ta ce likita bai ce ba. In ma ta yarda, za ta tambaye shi me ya tayar masa da hankali, kuma amsar ita ce ba ya iya faɗa.

Da hantsi ya tafi kasuwa da wata ƙatuwar kwalba a aljihu. Mai kayan ƙamshin da matarsa ke saye a wurinsa ya gan shi ya miƙe tsaye.

“Baba, yau kai aka aiko? Mama dai lafiya?”

“Lafiya lau. Ba aiko ni aka yi ba. A ba ni kirfa.”

“Ɓawo ko gari?”

Jan Biro bai san iri biyu take zuwa ba. “Wanne ya fi ƙarfi?”

“Ai ba taba ba ce, Baba.”

“Gari. Cika wannan.”

Mai kayan ƙamshi ya juya kwalbar a hannu. “Gidan burodi za ka buɗe? Wannan abar da bakin yatsa ake ɗiba. Tana da zafi, in ta yi yawa ciki ba ya so.”

“A wane littafi ka karanta?”

“Ban karanta ba. Shekara ashirin dai ina sayar da ita.”

“To ni na karanta. Cika. Kuma in ta zo ba ka gan ni ba.”

Ya ɓoye kwalbar a bayan babban ƙamus, inda ya tabbata ba mai taɓawa.

Washegari ya riga ta tashi. Sai da ya buɗe durowa bakwai kafin ya ga ashana, a inda hannun mutum ke fara kaiwa. Ya kunna murhu, ya ƙona madara, ya zubar, ya sake ɗora wata. A wurinsa duk cokali cokali ne, saboda haka ya ɗauki babba, ya cika shi da garin kirfa har ya yi tozo, ya juye a kofi. Shayin ya fito kamar ruwan kwata bayan an yi ruwan sama. Ya kwantar da hankalinsa da cewa tunda an hana ta sukari, duk shayi ɗaci zai yi mata, ba za ta bambanta ba.

Tana zaune a bakin gado tana ɗaura ɗankwali ya shigo da kofin a kan faranti.

“Malam, lafiya? Wa ya rasu?”

“Shayi ne.”

“Na ga shayi ne. Hannun da ya kawo shi nake tambaya.”

“In ba kya so in mayar.”

Ta karɓa. Ta kai hanci, ta dubi kofin, ta dube shi.

“Sabon ganye ne,” in ji shi, yana kallon labule.

“Sabon ganye,” in ji ta. Ta kurɓa.

Har zai tafi abinsa, sai ya lura garin na kwanciya a gindin kofi, kuma maganin ai a can yake. Ya zauna kusa da ita. “Kaɗa shi ki shanye. Har ƙasa.”

Ta shanye har ƙasa.

Haka aka ɗauka kullum. Lambar da 'yar na'urar ke nunawa ta fara sauka. Ƙwayoyin likita na aikinsu, ta bar zaƙi, tana zagaya unguwa da yamma, shi kuwa ya tattara ladan duka ya zuba a kwalbarsa. Har tafiyarsa ta canza.

Shayi mai zafi ba ya shanyuwa da sauri, kuma mai gadin kofi ba ya iya riƙe jarida. Dole ya zauna hannu wofi na kusan rabin awa, ita kuma ta samu mai saurare. Ta ba shi labarin matar da ta kawo yadi huɗu tana son riga irin ta mai yadi bakwai, da wadda ke rantsuwa ba ta ƙara ƙiba ba, awon ne ya tsuke. Ya kama kansa yana dariya. Ya ga tabon allura a babban yatsanta na hagu, ya tambaya, ta ce ai tun tana goyon na farko. Ya ga furfurarta ta gefen dama ta fi ta hagu. Shekara arba'in da ɗaya littafin na gabansa, sai yanzu ya buɗe.

A sati na uku ta fara gyatsa. Sai ya ga tana ɗinki ta tsayar da keke, ta danna ƙasan ƙirjinta da tafin hannu, ta runtse ido, ta ci gaba. Abincin rana ta ci loma uku ta ture.

“Me ke damunki?”

“Kai.”

“Ban da ni.”

“Ban da kai kuwa ba komai.”

Yana neman almakashi a durowar keke ya ga kwalbar farin maganin ƙwannafi a ɓoye cikin zaruruwa, an sha fiye da rabi. Bayan kwana biyu ya tarar da ita ta kife rigarta mai ruwan ƙasa a kan keke tana rage mata gefe. Ta kowa take ragewa ko ta ƙara, bai taɓa ganin ta rage tata ba.

Ya koma ɗakin littattafai. Ciwon ciki, rashin cin abinci, rama, ga shekaru. Littafin ya jero cututtuka tara da kan zo da haka, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, idonsa ya wuce takwas ya sauka a kan na ƙarshe. Ciwon daji.

Mai hankali da ya ɗauke ta sun tafi asibiti. Shi mai ilimi ne. Ya ce a ransa cuta ta ƙara ƙarfi, dole magani ya ƙara ƙarfi, tunda cokali ɗaya ya sauke lamba, biyu sai abin da Allah Ya yi. Ya ƙara kofi na yamma. Da ya kawo mata na farko da la'asar ta dubi kofin kamar mai duban hadari.

“Yanzu har sau biyu?”

“Na ga kina jin daɗinsa.”

“Ƙwarai,” in ji ta. “Zauna.”

Kwana goma sha ɗaya ta jure. A rana ta sha biyu da safe ta sha rabi, ta dangwarar da kofin, ta nufi banɗaki da sauri. Ya tsaya a bakin ƙofa yana jin kakarin amanta, bai san ya bi ta da kofin a hannu ba.

“Maman yara?”

“Ban mutu ba.”

“Ɗauko mayafinki. Asibiti za mu.”

Wannan karon ba ta yi musu ba, kuma rashin musun ya fi aman tayar masa da hankali.

Likitar yarinya ce, sa'ar autarsu. Ta kwantar da ita, ta danna nan ta danna can, da ta kai ƙasan ƙirji Maman yara ta cije leɓe. Ta duba bakinta, ta ga dasashi ya yi ja. Ta koma kujera tana tambayoyi, Jan Biro na zaune a gefe da hularsa a kan gwiwa.

“Mama, ban da ƙwayoyin da muka ba ki, kina shan wani abu? Jiƙo, saiwa, garin wani abu da aka ce yana magani?”

“Ba na shan komai.” Ko kallon inda yake ba ta yi ba.

“Ki tuna dai.”

“Ba komai, 'yata.”

Likita ta ja takarda. “To ramar nan ba ta kwanta mini ba. Zan tura ki a zura miki kyamara ta baki a leƙa cikin.”

Jan Biro ya dubi biron likitar yana tafiya a kan takarda. An ambaci garin wani abu. Sai muryar mai kayan ƙamshi ta dawo masa, mutumin da bai karanta littafi ba.

“Likita,” ya ce, “akwai gyara.”

“Na'am, Baba?”

“Tana shan kirfa. Ni nake zuba mata a shayi.”

“Kamar yaya yawanta?”

“Cokali.”

“Ƙarami?”

Ya gwada tsawonsa da yatsu. Ya gwada tozon.

“Kullum?”

“Sati biyar sau ɗaya. Kwanan nan safe da yamma.”

Likita ta ajiye biro a hankali. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce kirfa 'yar kaɗan a abinci ba ta da laifi ga yawancin mutane, kuma gaskiya ne an yi bincike a kan suga, amma abin da aka gani ƙanƙani ne, ba ya maye gurbin magani. Garinta da yawa haka, a cikin da ba komai, yana iya ƙona ciki, ya sa ƙwannafi da tashin zuciya, ya ɗaye baki. Ta ce irin wadda aka fi samu a kasuwa tana ɗauke da wani sinadari da kan wahalar da hanta in aka daɗe ana dirka.

“Hanta,” ya maimaita. Garin gyaran gira ya kusa tsone ido. Ya gyara zama, ya ce da muryar mai amsa laifi a kotu, “Ita ba ta sani ba. A ɓoye nake yi. Laifin nawa ne ni kaɗai.”

Sai ga dariya daga kan gadon awo. Maman yara ta riƙe ciki tana yi tana nishi.

“Ban sani ba? Wayyo cikina. Malam, tun daga ɗaki na ji ƙamshinta ranar farko, kafin ka gama ƙona madarar. Shekara nawa ina girki? Sabon ganye!” Ta share ido da gefen mayafi. “Mai kayan ƙamshi ma bai kwana da maganar ba. Kuma wa kake tsammani ke share ƙurar ƙamus ɗinka, aljanu?”



“Mama,” in ji likita, “kin san ita ke ƙona miki ciki?”

“Tun sati na uku na gane.”

“To me ya sa kika ci gaba da sha? Kuma na tambaye ki yanzu kika ce ba komai.”

“'Yata, kina da aure?”

“Shekara biyu.”

“To bari ya kai arba'in, ki zo in ba ki amsa.”

Likita ta girgiza kai, tana danne murmushi. Ta ce a bar kirfa daga yau, a bar shayi mai kauri ma tukuna. Ta rubuta maganin ciki, ta rubuta awon jini don a duba hanta. Ba ta yi musu alkawarin komai ba. Ta ce a ba shi sati biyu, in ciwon ya lafa kuma ci ya dawo, shi ke nan, in bai lafa ba, kyamarar na nan.

Suka zauna a benci a ƙofar ɗakin ɗibar jini, mutum shida a gabansu. Wani tsoho na barci da katinsa a hannu. Jan Biro ya daɗe yana juya hularsa.

“Me ya sa?” ya ce.

“Kai me ya sa?”

“Ni na fara tambaya.”

Ta gyara mayafi. “Da na ce na sani, da kunya ta kama ka, ka daina. Da na ce yana ƙona ni, da ka daina. Ko ta ina dai ka koma bayan jarida. Shekara arba'in da ɗaya, Malam, in ina son ganin fuskarka da safe sai na jira ka juya shafi. Sai ga ka a bakin gado, ka zura mini ido kamar zan gudu da kofin. Na ce wannan in da wuta a cikinsa ma na sha.”

“Da wuta a cikinsa kuwa.”

“Ai na ji.”

“Wauta kika yi.”

“A gidan malamai na koya.”

“Da kin mutu fa?”

“Da ka gyara sanarwar.”

Bai yi dariya ba. Ya dubi bangon da ke gabansu. “Ba zan iya ba,” ya ce.

“Ba za ka iya me ba?”

“Gidan nan. Ba ke.”

Ta jira ko da saura. Babu. Ta miƙa hannu ta karɓe hular daga hannunsa kafin ya yaga ta, ta ɗora masa a ka, ta daidaita. Aka kira lambarsu, ta bakwai.

Washegari ya tsaya a kicin ya rasa abin yi. An hana kirfa, an hana shayi, ba shi da dalilin shiga ɗakin. Ya ɗauki jarida, ya ajiye. A ƙarshe ya ɗumama ruwa zalla ya zuba a kofi ya kai mata.

Ta kurɓa ta yamutsa fuska. “Ikon Allah. Ruwan ma ƙauri yake.”

“Tukunyar ce.”

“Tukunyar ce. Zauna.”

Sakamakon jinin ya fito bayan kwana huɗu, likita ta ce hantar ba abin tayar da hankali. Saura cikin. Bai ƙara buɗe littafin cututtuka ba, ita yake karantawa. Rana ta biyar ta ci rabin faranti. Ta shida ta koma loma huɗu. Ta takwas bai ji gyatsa ba ko sau ɗaya, amma bai yarda ya yi murna ba, ya san sau nawa shafi kan yi kamar ba kuskure.

Rana ta goma suna cin abincin rana, shinkafa da kifi. Kamar kullum ta sa masa tsakiya ta ɗauki wutsiya. Ta cinye nata tas, ta suɗe yatsu, ta ɗan zauna. Sai ta miƙo hannu cikin farantinsa ta ɓalli rabin kifinsa, ba ko sallama.

Ya tura mata farantin gaba ɗaya.

“Kada ka zura mini ido,” in ji ta, baki cike. “Ci abincinka.”

“Na ƙoshi.”

“Ƙarya kake, Jan Biro.”

Ƙarya yake. Ya zauna da yunwarsa yana kallonta har ta tsotse ƙayar ƙarshe.